Ki kira Yayanki kafin ki taɓa kalmar sirri

Assalamu alaikum Anti. Ina cikin damuwa, kuma na rasa wanda zan faɗa wa. Yayana ne zai yi tafiya ƙarshen watan nan shi da matarsa, sai ya ce in kama musu ɗaki a otal ta manhajar da nake amfani da ita, tunda a gidanmu ni ake kira in an zo harkar waya da intanet. Ya ba ni lambobin katinsa na banki, na kama ɗaki na kwana huɗu, a kan sai sun isa za su biya. Shekaranjiya da daddare saƙo ya shigo mini a cikin manhajar, daidai wurin da nake magana da otal ɗin, da sunan Yaya da ranakun da kuɗin ɗakin, babu kuskure ko ɗaya. Aka ce katin bai tabbata ba, in ban tabbatar da shi cikin awa 12 ba za a soke ɗakin. Na latsa linkin, na zuba lambobin katin har da ukun nan na baya. Wata lamba ta shiga wayar Yaya, na kira shi ya karanto mini, na sa. Nan take aka cire kuɗi. Da ya tambaye ni na ce masa kuɗin otal ne, don ni ma haka na zata. Jiya na kira otal ɗin, suka ce su ba su turo kowane saƙo ba, kuma ko sisi ba su karɓa ba. Anti, tun jiya ban runtsa ba. Kutse aka yi wa asusuna? In goge shi ne? Kuma da wane ido zan kalli Yaya? Ina tunanin in yi shiru, in nemo kuɗin in biya otal ɗin da kaina kafin ya sani.

Ƙanwarki.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu, Allah ya mayar da alheri.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ba ta iya jira. Ki ajiye karanta wannan amsa ki kira Yayanki yanzu, in kin gama ki dawo mu ci gaba. Katin da kika zuba lambobinsa har yanzu yana aiki, kuma cikakkun lambobinsa suna hannun wanda ya cuce ku: dogayen na gaba, ranar ƙarewa, da ukun baya. Akwai shagunan intanet da yawa da ba sa neman wata lambar tabbatarwa kafin su cire kuɗi, waɗannan lambobin kaɗai sun ishe su. Ke ba za ki iya rufe katin ba, banki ba zai saurare ki ba, sai mai katin. To mai katin yana can hankalinsa kwance, ya ɗauka kuɗin otal ya biya. Duk awar da kika ƙara kina shiru, ɓarawon kika ƙara wa lokaci.

Na fahimci abin da ya sa kike son rufawa. Ke ce gwanar gida, ke ake miƙo wa waya a ce duba mana, yau kuma ke aka yi wa. Akwai ciwo. Amma dabarar da kika yanke ba za ta kai ki ba. Ko kin samo kuɗin kin biya otal ɗin, katin yana nan a buɗe, kuma ranar da aka sake cirewa Yaya zai je banki, a buɗe masa bayanan asusunsa, ya ga sunan wani kamfani da bai taɓa ji ba a gaban kuɗin da kika ce na otal ne. A ranar maganar za ta tashi daga an damfari ƙanwata ta koma ƙanwata ta ɓoye mini. Ta farko duk ɗan'uwa na gari zai shanye ta. Ta biyun ita ce ke daɗewa a zuciya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki ce masa: "Yaya, kuɗin nan da aka cire ba otal ne ya karɓa ba, 'yan damfara ne, jiya na gano. Ka kira banki yanzu su rufe katin, sauran bayani zan yi maka." Ba sai kin yi dogon sharhi ba. Faɗa in zai yi ya yi bayan an rufe katin.

Idan ya kira bankin, da lambar da ke bayan katinsa ko ta cikin manhajar bankin, ya nemi abu uku. A rufe katin a ba shi sabo. A rubuta cewa yana ƙalubalantar kuɗin da aka cire a matsayin damfara, a ba shi lambar ƙorafi ya ajiye. Sannan ya ce a duba ko an ɗora katin nasa a kan wata waya ta Apple Pay ko Google Pay, wato manhajojin biyan kuɗi da waya. Wannan na ukun mutane kan manta da shi. Wani lokaci lambar da ke shigowa ba ta biyan kuɗi ba ce, ta ɗora katin ce a wayar ɓarawo, daga nan sai ya riƙa sayayya ba tare da ya sake neman komai daga gare ku ba.

Ba zan yi miki alƙawarin kuɗin zai dawo ba. Tunda an sa lambar tabbatarwa, banki na iya cewa mai kati ne ya amince da kansa, kuma dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, haka ma tsarin bankuna. Abin da ke ƙara wa ƙorafi ƙarfi shi ne saurin kai shi da kuma shaida. Saboda haka kada ki goge komai. Ki ɗauki hoton saƙon yadda yake a fuskar wayarki, da lokacin da ya shigo, da adireshin shafin da ya kai ki, da alat ɗin cire kuɗin. Ku kai rahoto wurin 'yan sanda ko sashen da ke kula da laifukan intanet a inda kuke, domin bankuna sukan tambayi takardar rahoton.

Sai kuma ku shirya wa kira na biyu. Wanda aka damfara sau ɗaya sunansa yakan shiga jerin waɗanda za a sake gwadawa. Za a iya kiran Yaya da murya mai natsuwa, a ce daga sashen tsaro na banki ne, an ga abin da ya faru, za a dawo masa da kuɗinsa, ya karanto lambar da za ta shigo yanzu. Ko a turo miki saƙo daga wani wai ƙwararren mai kwato kuɗin da aka sace, sai dai ki fara biyan ladan aiki. Duk su ne, riga kawai suka canza. Ya kashe wayar, ya kira bankin da kansa.

To, yanzu ga tambayar da ta hana ki barci: kutse aka yi wa asusunki?

Daga abin da kika bayyana, zato mafi ƙarfi shi ne ba naki aka shiga ba, na otal ɗin aka shiga. Kowane otal da ke kan irin waɗannan manhajoji yana da nasa asusun, inda ma'aikata ke ganin jerin baƙin da ke tafe, da ranakunsu, da kuɗin ɗakinsu, kuma ta nan suke aika musu saƙo. Wanda ya samu makullin wannan asusun ya zama otal ɗin a idon manhaja. Saƙonsa zai faɗo a daidai zaren hirar da kika saba gani, da tambari da komai, har ma imel ya biyo baya daga adireshin kamfanin na gaskiya, domin na'urar kamfanin ce ke aika shi kai tsaye.

Ki hango yadda abin ke farawa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ma'aikacin resafshan shi kaɗai a bakin aiki, waya na ƙara, wani baƙo na jiran makulli. Imel ya shigo: wani ne wai ya kwana a otal ɗin makon jiya, ya manta fasfonsa a ɗaki, yana roƙo a taimaka a duba. Ma'aikacin ya amsa cikin ladabi kamar yadda aka koya masa. Sai imel na biyu ya zo da linki, wai ga hoton fasfon don a gane shi. Ya sauke, ya buɗe, bai ga wani abin a zo a gani ba, ya koma kan baƙonsa. A cikin 'yan daƙiƙun nan wata muguwar manhaja ta kwashe duk kalmomin sirrin da ke ajiye a burauzar kwamfutar ta aika waje. Kamfanin tsaron intanet na Secureworks ya bayyana irin wannan salo a ƙarshen 2023, a kan otal-otal da ke hulɗa da Booking.com, kamfanin kama ɗakin otal ta intanet, kuma sunan manhajar satar da aka yi amfani da ita Vidar. A watan Maris na 2025 Microsoft ya fitar da gargaɗi a kan wani sabon salo: a turo wa ma'aikacin otal shafin bogi mai cewa ya tabbatar shi mutum ne ba na'ura ba, a sa shi ya danna wasu maɓallai a jere, ashe da hannunsa yake shigar da ɓarawo cikin kwamfutar.

Abin ma ya girmi haka. A watan Disamba na 2018 wasu 'yan damfara sun yi amfani da kiran waya kawai suka karɓi bayanan shiga daga ma'aikatan otal 40 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka kai ga bayanan mutum fiye da 4,000 da suka kama ɗaki ta Booking.com, har da lambobin katin kusan mutum 300. A 2021 hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasar Holan, inda hedikwatar kamfanin take a Amsterdam, ta ci shi tarar Yuro 475,000. Laifin da aka kama shi da shi shi ne jinkirin sanarwa: dokar Tarayyar Turai ta ba da awa 72, shi kuwa ya makara da kwana 22. Ba ki faɗi sunan manhajar da kika yi amfani da ita ba, ni ma ba ina nuna yatsa ga kowa ba ne a kan abin da ya same ki. Na kawo waɗannan ne don ki san cewa kin faɗa hannun mutanen da wannan ce sana'arsu shekara da shekaru. Shekaru ana gaya mana mu duba daga ina saƙo ya fito, kin duba, kin ga daga inda ya kamata ya fito. Ni a ganina alhakin wannan ɓaraka yana wuyan otal-otal da ke barin asusu mai ɗauke da bayanan ɗaruruwan baƙi a kan kwamfutar da kowa ke buɗe imel a kanta, da kamfanonin da suka daɗe da sanin haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba bangonki ne ya fara tsagewa ba.

Amma akwai wurare biyu da da kin tsaya da abin bai kai haka ba, kuma zan faɗa miki su don gaba. Na farko, takardar tabbacin da aka turo miki ranar da kika kama ɗakin ta ce sai an isa za a biya. Duk saƙon da ya zo daga baya yana neman kuɗi ko lambobin kati saɓanin wannan takarda, musamman mai ɗauke da wa'adin awa kaza, abin tuhuma ne ko daga ina ya fito. Wa'adin shi ne ainihin makamin. An sa shi ne don ki ji cewa tsayawa tambaya zai jawo wa Yaya asarar ɗaki. Kiran da kika yi wa otal jiya, da shekaranjiya kika yi shi, da minti biyu ya isa. Na biyu, saƙon da banki ke turowa da lambar tabbatarwa yawanci yakan faɗi nawa za a cire da kuma wa zai karɓa. Ke ba ki gan shi ba, a wayar Yaya yake, shi kuma lambar kawai ya karanto miki. Mutum biyu kowa ya dogara da ɗan'uwansa, babu wanda ya karanta layin da ke sama. Daga yau duk lambar da za ta shigo, a karanta saƙon duka, da ƙarfi in ta kama.

Game da adireshin shafi, shafukan bogin nan sukan kwaikwayi na gaskiya har launi, su cika miki sunanki da na otal tun kafin ki rubuta komai. Abin da ba za su iya kwaikwaya ba shi ne ainihin adireshin. Za ki ga sunan kamfanin an liƙa masa wata kalma ko lambobi, ko an sa sifili a madadin harafin o, ko kuma sunan yana farko amma ƙarshen adireshin wani abu ne dabam. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi kada ta ruɗe ki, shafin ɓarayi ma yana samun ta. Ni dai abin da nake yi ya fi wannan sauƙi: ba na biyan kuɗi ta linkin da aka turo mini a saƙo, ko na wane ne. In akwai abin biya, in na buɗe manhajar da kaina na shiga wurin ajiyar ɗakina zan gan shi a can. Airbnb ma, kamfanin kama hayar masauki ta intanet, ƙa'idarsa ke nan, biya da magana duk a cikin manhaja, kuma duk mai gidan da ya ce ku koma WhatsApp ya rage miki kuɗi, yana fitar da ke ne daga inda ake iya kare ki.

Duk da na ce zato ya fi karkata ga otal, ki bincika naki asusun, musamman in shafin bogin ya sa kin rubuta imel da kalmar sirri. Ki fara da imel ɗinki kafin manhajar, domin shi ne uwar makullai: duk wanda ya riƙe shi zai iya cewa ya manta kalmar sirri a kowane shafi, a turo masa sabuwa. Ki canza kalmar sirrinsa, ki duba jerin na'urorin da ke ciki ki fitar da wadda ba ki sani ba, sannan ki leƙa saitin tura saƙonni, don masu kutse sukan saita a riƙa aika musu kwafin duk abin da ya shigo, ko a riƙa ɓoye saƙonnin banki. Daga nan ki koma manhajar otal: sabuwar kalmar sirri, ki duba ko an canza lambar waya ko imel, ko an kama wani ɗakin da ba ki sani ba, ki cire duk katin da ke ajiye a ciki.

Tambayar da zan yi miki, ki amsa wa kanki da gaskiya: kalmar sirrin nan, a wurare nawa kike amfani da ita? In ɗaya ce a imel da Facebook da manhajar otal da shagon da kika taɓa sayen takalmi shekara biyar da suka wuce, to ƙarfinta bai wuce na mafi raunin cikinsu ba. Idan aka fasa ƙaramin shagon nan, ɓarayi sukan ɗauki jerin imel da kalmomin sirri su sa na'ura ta riƙa gwada su a manyan shafuka ɗaya bayan ɗaya, kuma ta haka ake shiga asusun mutane da dama ba tare da an fasa kamfanin kansa ba. Akwai shafin Have I Been Pwned, wanda wani masanin tsaro ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya buɗe a 2013. Kyauta ne, imel ɗinki kawai za ki sa, ya nuna miki ko ya taɓa fitowa a cikin bayanan da aka sace. Kowane asusu ki ba shi tasa kalmar, doguwa, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ba ranar haihuwa ko sunan ɗa ba. Ba sai kin haddace ba, wayarki tana da ma'ajiyar kalmomin sirri a cikinta. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a duk inda aka ba da dama, kuma in da zaɓi, manhajar da ke samar da lamba ta fi saƙon tes, saboda ana iya sace layin waya.

Goge asusun kuwa, a'a. Hirarki da otal ɗin tana ciki, ita ce babbar shaidarku, ɗakin Yaya ma yana ciki. Kuma gogewa ba za ta dawo da bayanan da suka riga suka fita ba. Maimakon haka ki kai ƙara ga kamfanin ta sashen taimako na cikin manhajar. Kada ki nemi lambarsu a Google ki kira ta farko da ta fito, akwai lambobin bogi da ake dasawa don irin wannan rana. Ki tura musu hotunan, ki nemi lambar ƙorafi, ki tambaye su a rubuce abin da za su yi a kan asarar da aka yi ta cikin tsarinsu.

Otal ɗin ma ki sake kiransu, ki nemi manaja. Amsar da suka ba ki jiya, wai ba su turo saƙo ba, ba ta wadatar ba. In daga asusunsu ya fito, to duk baƙon da ke jerinsu na makonnin nan ya samu irinsa, kuma wataƙila a daren nan wata tana zaune da waya a hannu tana shirin latsawa. Ki gaya masa a fili cewa da alama an shiga asusunsu, su canza makullai, su duba kwamfutar resafshan, su gargaɗi baƙinsu. Ki nemi ya tabbatar miki ta imel cewa ɗakin yana nan, da sharaɗin biya yadda yake tun farko. Kuma tunda za a rufe katin da aka kama ɗakin da shi, ki tambaya ko suna buƙatar sabo. In suna buƙata, a cikin manhajar za ki sa shi, ki shiga da kanki.

Maganar biyan Yaya kuɗinsa, ki bari sai ƙura ta lafa kun ji abin da banki zai ce. In kina da hali kuma zuciyarki ta fi natsuwa da hakan, ki yi masa tayi a fili, ya karɓa ko ya yafe. Kada ki je ki ci bashi a ɓoye saboda wannan. In kin gama da shi da bankin, ki rubuto mini yadda kuka yi, musamman abin da kamfanin ya amsa miki.

Antinki.